Yadda za ka bi abin da ranka ke so ba tare da ka ɓata da gida ba

Sau biyu na zana JAMB da niyyar likitanci, kuma duk biyun ba ni na zaɓi kwas ɗin ba, Abba ne ya zaɓa, tun ina aji uku a sakandare ake ce min dakta a gidanmu har ƙannena ma haka suke kirana. Ni kuwa abin da ke raina kyamara ce. Yau shekara shida kenan da ɗaukar hoto da bidiyo nake cin abinci, kuma Abban nan dai shi ne ya zo da kansa ya yi addu'a ranar da na buɗe shago. Tsakanin waccan JAMB ɗin da ranar buɗe shago an sha fama, akwai watannin da gaisuwa ce kawai ke haɗa ni da shi, kuma wallahi ba na so wani ƙanina ko ƙanwata ya bi ta wannan doguwar hanyar alhali akwai gajera. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Abu na farko, kafin ka buɗe baki ka ce komai, ka gano me suke tsoro. Mu matasa nan muke fara kuskure, sai mu ɗauka iyaye ba sa son farin cikinmu ne ko kuma ba su waye ba, alhali ruwa ba ya tsami banza. Ka saurari kalmar da ke fara fitowa daga bakin Baba in an taɓo maganar. In ya ce "to me za ka ci?" wannan tsoron talauci ne, mutum ne da ya taso lokacin da aikin gwamnati ke nufin albashi duk wata da fansho in an tsufa, shi a wurinsa duk abin da babu takardar ɗaukar aiki caca ne. In kuma ya ce "me mutane za su ce?" to wannan wani ciwon ne daban kuma ya fi zurfi, saboda a ƙasar Hausa sana'a gado ce tun fil azal, akwai gidan maƙera, gidan wanzamai, gidan mahauta, dukawa, marina, maroƙa, kowa da matsayin da al'umma ta ajiye shi, har aure ma a da sai an duba. Dattijon da ya tashi da wannan a kansa, in ka ce masa waƙa za ka yi ko fim, shi roƙo yake ji, ba ya jin abin da kai kake nufi ko kaɗan. Ni nawa Abban ba kuɗi ne damuwarsa ba, na daɗe ban gane ba, ina ta kawo masa lissafin abin da masu hoto ke samu a biki ɗaya yana ƙara ɗaure fuska, ashe shi abin da yake hangowa shi ne ɗansa a tsakiyar mata a gidan biki ƙarfe ɗayan dare, salla ta wuce, kiɗa na tashi. Tsoron tarbiyya. Shekara guda na ɓata ina amsa tambayar da ba a yi min ba.

In ba ka iya ganowa da kanka ba ka tambayi Umma, ita ta san abin da yake faɗa in ya shiga ɗaki.

Na biyu, kuma wannan ba kowa ke son ji ba, ka gwada kanka kafin ka tayar da hankalin gida. Da yawanmu ba sana'ar muke so ba, hoton sana'ar muke so, wanda muke gani a TikTok da Instagram, mai ɗinki tana juyi cikin doguwar riga, ɗan kwamfuta zaune da laftof a wuri mai sanyi. Ba a nuna maka telan da ya kwana uku bai runtsa ba ana jibi salla ga kwastoma na zagi a waya. Toh ka je ka shiga cikin wahalar abin tukuna. In gyaran waya ne ka nemi oga a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka zauna masa yaron shago, in harkar yadi da atamfa ce ga Kantin Kwari, in takalma da jaka ne ga Ƙofar Wambai, in kwamfuta ce akwai shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 ga kuma darussa kyauta a YouTube, data kawai za ka saka. Ka ba kanka kamar wata shida, kana yi a gefe bayan lakca ko ranakun hutu. In wata shidan ya cika kana tashi da safe har yanzu abin na ranka duk da aike da tsawar oga da rashin ko sisi, to naka ne. In kuma a wata na biyu ka fara neman uzuri, Alhamdulillah, ka gane da wuri ba tare da ka saɓa wa kowa ba, kuma babu abin kunya a ciki. Na ga wannan ƙarara lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2022 da aka yi wata takwas a gida daga Fabrairu zuwa Oktoba, yara da yawa a unguwarmu suka ce za su koyi sana'a, uku suka zo wurina, ɗaya ce kawai ta kai ƙarshe, kuma ita ce wadda ba ta taɓa ƙorafin zaman gyaran hotuna na awa biyar a gaban kwamfuta ba.

Sai maganar makaranta. Ra'ayina a nan a fili yake, in ka riga ka yi nisa, kana aji uku ko huɗu, ka daure ka ƙarasa ka kawo musu kwalin nan. Ba don kwalin zai ba ka aiki ba, kowa ya san yadda ƙasar take, sai don shi ne abin da suka biya wa kuɗi shekara da shekaru, wani ma sai da aka sayar da gona ko Umma ta ɗauki adashe, kuma ranar da ka ajiye shi a gaban Baba bakinka ya samu nauyin da ba shi da shi a da. Ni da likitancin bai samu ba wani kwas ɗin kimiyya aka ba ni, na yi shi ina hoto a gefe, ban ji daɗinsa ba amma ban yi nadamar gamawa ba. Amma fa in tun farko ne, ba ka ma shiga ba, kuma kwas ɗin irin likitanci ne mai shekara shida ga shekarar koyon aiki a asibiti a kai, kada ka yi shiru ka shiga da zuciya biyu, wannan ba karatun da ake yi don kunya ba ne, kuma ran mutane za a damƙa maka. Gara a yi maganar yanzu, JAMB na ba da damar canjin kwas da canjin makaranta bayan an ga sakamako, ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma tsaka-tsaki da mutane ke mantawa da shi, jami'ar NOUN ta karatu daga gida, ko karatun ƙarshen mako da wasu makarantu ke yi, kana sana'arka kana karatunka, sau da yawa wannan kaɗai ya isa ya kwantar wa uba da hankali. Wanda kuma ya kai bautar ƙasa, shekarar nan dama ce babba, kana nesa da idon unguwa, tun a sansani ake fara koyar da sana'o'i a shirin SAED, alawi kuma ya koma naira 77,000 tun 2025, in ka matse bakin aljihu za ka fito da ɗan jari ko kayan aiki.

Yanzu ga inda aikin yake, wato yadda za a kai maganar. An ce zuwa da kai ya fi aike, gaskiya ne, amma ba a karon farko ba kuma ba a irin wannan ba. Tsakanin ɗa da uba a gidan Bahaushe akwai kunya, balle in kai ne ɗan fari wanda ko sunanka ba a kira, in ka tunkare shi kai tsaye ko yana so ya sassauta girma ba zai bar shi ba, zai ga kamar yaro ya juya shi. Al'adar da muke kuka da ita ɗin nan ita ce kuma ta tanadi ƙofofin shiga, mu ne ba ma amfani da su. Ka fara da Umma, ba don ta yanke hukunci ba, don kada ta ji a bakin wani, kuma ta san lokacin da ake samun kan maigida. Daga nan ka duba waye Baba ba ya iya yi wa musu. A wani gidan Gwaggo ce, yayarsa, wadda in ta ce a yi an yi. A wani gidan Baffa ne babba, ko amininsa na ƙuruciya da suke zaman majalisa tare, ko limamin masallacin da yake salla. Kawu ma yana da amfani amma ka lura, shi ɓangaren uwa ne, wani uban zai ga kamar dangin matarsa ne suka haɗa kai, ka auna gidanku.

Amma in kakarka ta wajen uba tana raye to ka samu babbar ƙofa. Wasan jika da kaka ba wasa ne kawai ba, ita kaɗai ce babba a gidan da za ka zauna kusa da ita ka faɗi abin da ke ranka cikin raha ba a ce ka yi rashin kunya ba, kuma ita kaɗai ce za ta kira Baba da sunan da ta ga dama ta ce masa ya bar yaro. Tawa Hajiyar, Allah ya jiƙanta, ita ta buɗe min hanya. Na je na ɗauke ta hoto tana zaune a kan dardumarta da carbi, na wanko na saka a firam na kai mata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wannan aikin ne ubanka yake hana ka? Bayan kwana biyu ta aika aka kira shi. Ban san me ta faɗa masa ba har yau, abin da na sani da ya dawo ya ce in same shi bayan isha'i.

In ranar zaman ta zo, ka kula da lokaci da wuri. Ba lokacin da ya shigo daga kasuwa ko ofis a gajiye ba, ba ƙarshen wata da aljihu ya bushe ga kuɗin makarantar yara ba, ba a gaban ƙanne ko kishiyar Umma ko baƙi ba, kuma don Allah ba a guruf ɗin WhatsApp na dangi ba. Ka zauna a ƙasa, ka cire hannu daga waya, ka fara da godiya kan abin da aka kashe maka, da gaske ba da baki kawai ba. Kalmar da za ka shiga da ita ita ce shawara, "Abba shawara na zo nema," ba sanarwa ka zo yi ba. Akwai maganganun da muke kwasowa a intanet irin su "rayuwata ce" ko "ina da 'yanci," waɗannan a kunnen dattijo zagi ne, da ka furta an rufe littafi. In ya kawo maka karin maganar nan ta abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kada ka yi gardama, ka ce haka ne Abba, me kake hango min a ciki? Ka bar shi ya zazzage duk abin da ke cikinsa, ko minti talatin zai yi kada ka katse shi. Sannan ka amsa ainihin tsoron da ka gano tun farko. Ni abin da na ce masa shi ne ba zan ɗauki aikin da zai kai ni bayan ƙarfe goma na dare ba, ba zan yi aikin wurin da ake abin da shi ba zai iya zama a wurin ba, kuma ɓangaren mata zan nemi mace ta riƙa shiga. Na rasa kuɗi da yawa saboda wannan alkawarin, bukukuwan dare su ne masu tsoka, amma na koma hoton ɗaurin aure da saukar karatu da walima da tallan kayan 'yan kasuwa, kuma Allah ya sa albarka.

Ka nemi wa'adi maimakon izini na har abada, ya fi sauƙin bayarwa. "A ba ni shekara ɗaya in gwada, in bai yiwu ba zan dawo kan abin da kuka ce." Uba zai iya cewa to ga shekara ɗaya ba tare da ya ji ya faɗi ba. Sai dai fa in ka faɗa ka cika, har da ɓangaren dawowar.

Ƙannena mata, na san naku ya fi nawa nauyi, don ku ba sana'a kaɗai ake duba muku ba, ana duba agogon aure, kowace Gwaggo da ta zo gidan sai ta yi tambaya. Duk abin da na faɗa a sama ya shafe ki, sai ƙari biyu. Na ɗaya, in maganar aure ta taso kina tsakiyar karatu ko sana'a, kada ki yarda da alkawarin zance, wanda ake yi a ƙofar gida ko a waya cewa ai zan bar ki ki ci gaba. Ki sa a faɗe shi a gaban manya, waliyyinki ya ji, wakilinsa ya ji, tun kafin a sa rana, na ga mata da yawa da karatunsu ya tsaya a kan "ai ya ce zai bar ni." Na biyu, ki san cewa addini ya ba ki baki a zaɓin miji, hadisi ne ingantacce cewa ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta, kuma akwai sahabiyar da mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Ba cewa nake ki je ki karanto wa Baba hadisi a fuska ba, wannan aikin malami ne ko malamar islamiyyarki, ki kai musu kukanki su san yadda za su isar. Kuma sana'o'i da yawa yanzu daga cikin gida ake fara su, girki, ɗinki, turaren wuta, zanen kwamfuta, rubutu, a yi talla a waya a aika da mai babur, in an ga kina yi mutuncinki bai taɓu ba, fitar da ake tsoro za ta zo da sauƙi daga baya.

Maganar addini kuwa ta kowa ce, kuma ni ban yarda da masu nuna wa yara cewa ko dai ka bi iyaye ko ka bi kanka ba. A Suratul Isra'i an hana mu ce musu ko da tir, a Suratu Luƙman kuma ko iyayen da ke kiran ɗansu zuwa shirka an ce kada ya bi su a kan hakan amma ya zauna da su da kyautatawa, to ina ga saɓani a kan kwas ko sana'a. Ana iya bambanta ra'ayi murya na ƙasa. Ka yi istihara kafin ka fara, ka kuma roƙi Umma ta saka ka a addu'a a kan abin, uwar da ta fara yi maka addu'a a kan abu da wuya ta dawo tana yaƙarsa.

To in duk ka yi wannan aka ce a'a fa? Yana faruwa. Kada ka yi yaji, kada ka kwashe kaya ka koma ɗakin aboki, kowa ya bar gida gida ya bar shi, kuma kada ka hau sitatus kana habaici, wallahi akwai 'yar uwar da za ta ɗauka ta kai. Ka karɓa, ka ci gaba da koyon abinka a gefe daidai iyakar da ba a hana ba, ka bar wata uku ko shida su wuce sannan a sake komawa ta wata ƙofar. A'ar farko sau da yawa ta firgici ce. Wani lokacin kuma, gaskiya, za ka duba ka ga abin da kake so ɗin bai kai ka rasa kwanciyar hankalin mahaifiyarka a kansa ba, sai ka ɗauki wani reshe na kusa da shi, wanda ke son waƙa ya koma haɗa sauti, wadda ke son fitowa a fim ta koma rubuta labari ko tace bidiyo. Wannan ma zaɓinka ne, kai ka auna ka ɗauka.

In kuwa aka ce to, kada ka ɗauka an gama, yanzu ne ma aka zuba maka ido. Kuɗin farko da ka samu kada ya tafi a sabuwar waya ko shadda, ka shigo da shi gida, ko mudun shinkafa biyu ne da sabulu, ko ka biya wa ƙaninka kuɗin jarrabawa, gani ya kori ji, wannan shi ne yaren da gida ke ganewa. Kada a neme ka a sahun asuba a rasa, kada a yi suna ko rasuwa a dangi a ce ai yana wurin aiki, don duk abin da ka bari za a ɗora wa sana'ar ne ba kai ba, kuma ƙannenka da ke bayanka su za su biya, gobe in ɗaya ya ce yana son wani abu za a ce ka ga yadda yayanka ya koma. Ka yi wa shagon rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da kasuwanci, in hali ya yi, takardar nan mai hatimi tana yi wa dattijo tasiri fiye da yadda kake zato. Ni har yanzu duk ƙarshen wata nakan ɗauki littafin shago in kai wa Abba bayan isha'i, ya sa tabarau ya bi layi-layi, abin da ya shigo da abin da ya fita, ya tambaye ni wane ne bai biya ba, ya ce kada in sake ba wane bashi. Watan jiya da na tashi tafiya ya miƙo min wata tsohuwar ambulan, hoton mahaifinsa ne a ciki duk ya dafe gefe ya cinye, ya ce in duba ko zai gyaru, yana so a wanko guda bakwai a raba wa su Gwaggo.